Sau biyu ina zuwa ƙofar mitin ɗin masu daina shan giya ina juyowa, dan Allah wanda ya taɓa shiga ya faɗa min

Baƙon Bronx:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabon akawun na buɗe don wannan maganar kawai, dan Allah kar wani ya tsaya binciken ko ni waye. Shekarata 9 a New York, tasi nake ja da daddare, kuma ina shan giya. Wannan kalmar sai da na rubuta na goge yafi sau biyar kafin na barta. Ban taso da ita ba wallahi, a gida ko warinta ban sani ba, a nan na fara shekara ta uku da zuwana, lokacin in na dawo aiki da asuba kowa na ɗakinmu ya fita, ga sanyi ga kewar gida bacci ya ƙi zuwa, sai wani abokin aiki yace in ɗan kurɓa kaɗan zan yi bacci. Nayi baccin kuwa. Yau gashi shekara 6 ina abu ɗaya, ƙananan kwalaben nan na aljihu nake saya in ɓoye ƙarƙashin tayar safeya, in tauna kanumfari kafin in shiga gida ko masallaci. Da can duk azumi ina dainawa, kwana ukun farko hannuna na rawa ina zufa sai daga baya in warware, daren sallah in koma. Azumin bana kuwa ban iya ba, ana idar da tarawi nake zamewa. Kuma abinda yafi tsorata ni yanzu sai na ɗan sha kafin in fita aiki don hannuna ya tsaya.

Satin da ya wuce 'yata mai shekara 6 ta tsinci kwalba ɗaya a mota ta ɗago tace Abba wannan turare ne? Na karɓe nace eh. Na kaita makaranta na faka a gefen titi nayi kuka kamar ƙaramin yaro.

Likitan da ya auna min jini yace hantata ta fara nuna alama, ya bani takarda mai adireshin mitin ɗin AA, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu son daina shan giya. Naje sau biyu. Ashe a ɗakin ƙasa na wata coci ake yi, mutane na tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu, wani dattijo har ya riƙe min ƙofa, ni kuma na kara waya a kunne kamar ana kirana na wuce. Abinda nake so in sani, shin ibadar coci ake yi a ciki? Dole ne in tashi tsaye in faɗi sunana da abinda na aikata? Suna rubuta suna ko su nemi kati, don ina tsoron lasin ɗina na tuƙi. Nawa ake biya? Kuma in na haɗu da wani ɗan masallacinmu fa, don kun san halinmu kafin Juma'a labari ya kai gida Najeriya. In akwai wanda ba a coci ake yi ba ta yaya zan samu. Na gaji wallahi.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na karanta rubutunka sau biyu, maganar kanumfari ta sa na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don ni ma shi na tauna shekara da shekaru, ni har da turaren almiski nake shafawa a gemu. Ina Ohio, babbar mota nake ja a da, watan gobe in Allah ya kaimu shekarata 7 rabona da ita. Kai sau biyu ka juyo, ni sai a na huɗu na shiga, saboda haka ka kwantar da hankalinka kan wannan.

Bari in faɗa maka abinda ke bayan ƙofar. Ɗaki ne da kujerun ƙarfe na naɗewa, tebur da tulun kofi da biskit, a bango an rataye matakai 12 da suke bi wajen daina sha. Awa ɗaya ake yi. Wani zai buɗe ya karanta ɗan gabatarwa, a cikinta ma ake faɗa cewa ƙungiyar bata jingina da wani addini ko ɗarika ko siyasa ba, kuma sharaɗin zama ɗan ciki guda ɗaya ne tak, kana son ka daina sha. Daga nan ko mutum ɗaya ya bada labarinsa na kamar minti ashirin, ko a ɗauki wani batu a zagaya kowa yayi magana kaɗan. Za a tambaya ko akwai sabon zuwa, in ka ga dama ka ɗaga hannu ka faɗi sunanka na farko, in baka ga dama ba kayi zamanka. In zagaye ya zo kanka kace yau saurare nazo yi, shikenan an wuce, babu mai kallonka sau biyu. Ni sai da nayi sati uku ban buɗe baki ba. Wani abu da ya bani mamaki shi ne in mutum na magana babu mai katse shi, babu mai cewa ai da kayi kaza, ya gama a ce an gode a koma kan na gaba, mu da muka saba kafin ka rufe baki mutum biyar sun yanke maka hukunci abin sai ya zo maka banbarakwai.

Babu rajista babu kati babu wanda zai tambaye ka takardun zama ko aikin da kake yi. Waɗanda zaka ga suna miƙa takarda a sa musu hannu a ƙarshe yawanci kotu ce ta turo su, kai ba ruwanka da wannan. Kuɗi kuma kwando ake zagayawa da shi, mai dala ɗaya mai biyu, da shi ake biyan hayar ɗakin da kofi, kuma sabon zuwa ba a sa ran ya saka komai. Hayar nan ita ce amsar maganar coci, ɗakunan ƙasa na coci sun fi araha shi yasa, fasto baya shigowa, ba ruwansa da mitin ɗin.

Amma bazan ɓoye maka ba tunda amana ce. Abin ya samo asali ne a hannun Kiristoci. A 1935 wani ɗan harkar hannun jari daga New York ɗinku, Bill Wilson, yazo Akron nan jiharmu kan wani ciniki, cinikin ya rushe, yana tsaye a otal ga mashaya a gefe yaji in bai samu wani mashayi ɗan uwansa yayi magana da shi ba to zai koma sha, da haka aka haɗa shi da wani likitan tiyata Bob Smith wanda shi ma giya ta gama da shi. Dukansu suna cikin wata ƙungiyar Kirista da ake kira Oxford Group, daga baya suka ware, suka fitar da littafinsu a 1939. Naje gidan likitan a Akron, yanzu wurin ziyara ne, ƙaramin gida ne kawai. Toh saboda wannan asalin zaka ji ana ambaton Ubangiji, amma cewa suke Ubangiji kamar yadda kai ka fahimce Shi, ni in an faɗa Allah nake nufi a zuciyata Shi kaɗai. A wasu wuraren ana rufewa da addu'ar da Kiristoci ke yi a coci, a riƙe hannu a zagaye. Ni bana yi, ina ja baya in tsaya ina istigfari a raina, shekara 7 ba wanda ya taɓa tambayata dalili, kuma ba ni kaɗai ke ja baya ba akwai Yahudawa akwai waɗanda basu yarda da addini ba ma.

Wajen nema, ka sauke manhajar Meeting Guide a wayarka, alamarta farar kujera a kan shuɗi, kyauta ce. Zata nuna maka duk mitin ɗin da ke kusa da kai da lokaci da irin wurin, akwai na asibiti akwai na cibiyoyin unguwa akwai gidajen da su kansu suka kama haya. A New York daga sassafe har tsakar dare ana yi, kai mai aikin dare ka nemi na ƙarfe 7 na safe in ka tashi aiki, daidai lokacin da ka saba tsayawa shagon giya. Ka lura akwai buɗaɗɗe wanda kowa zai iya shiga har 'yan uwa da ɗalibai, akwai rufaffe na masu matsalar kaɗai, kai rufaffe zai fi maka kwanciyar hankali, akwai kuma na sabbin shiga da na maza zalla. A Bronx ka duba harshe don da yawa da Sifaniyanci ake yi. In tsoron idon sani ne ka hau jirgin ƙasa ka tafi Manhattan ko Queens. Kuma ka tuna in ka ga ɗan masallacinku a rufaffen mitin to abinda ya kawo ka shi ya kawo shi. Ya taɓa faruwa da ni, wani bawan Allah da muke sahu ɗaya, muka haɗa ido kowa ya sunkuyar da kai, da aka tashi ya zo ya kama hannuna da hannu biyu bai ce komai ba, har yau ko matarsa bata ji daga bakina ba.

Kar ka yanke hukunci da mitin ɗaya, kowanne da yanayinsa, wani zaka ji kamar gidanku wani kuma surutu ne kawai, ka gwada biyar ko shida. Kuma in dattijon nan ya sake riƙe maka ƙofa ka shiga.

Anti Nas:

Salam ɗan uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce a Maryland, na kai shekara goma ina ganin masu irin wannan a ɗakin gaggawa. Duk abinda Baba Direba ya faɗa haka ne amma dan girman Allah kafin komai ka karanta wannan. KAR ka yanke sha lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Rawar hannu da zufar da kace kana yi a farkon azumi, da kuma yadda yanzu sai ka sha hannunka ke tsayawa, alama ce jikinka ya riga ya dogara da ita. Mai irin wannan in ya tsaya kwatsam abin na farawa cikin awa 6 zuwa 24, ana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana biyun farko, wasu kuma wajen kwana na biyu zuwa na huɗu su rikice su fara gane-gane da zazzaɓi zuciya na bugu da sauri, kuma wannan yana kisa in ba a kula ba. Da yawa mutanenmu sai a ce aljanu ne a tsaya ana tofi. Kuma duk sanda mutum ya daina ya koma ya sake dainawa, na gaba yakan fi na baya tsanani, kai kuma shekara da shekaru kana yin haka duk azumi.

Ka koma wajen likitan nan ka faɗa masa gaskiyar adadin da kake sha a rana, kar ka rage ko kwalba ɗaya don mu da adadin muke aiki ba wa'azi zamu yi maka ba. Akwai maganin da ake bayarwa na 'yan kwanaki ya sauko da jiki a hankali, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, shi zai duba ko a gida zaka yi ko sai an kwantar da kai kwana uku zuwa biyar. Bayan nan akwai magungunan rage sha'awarta kamar naltrexone, ƙwaya kullum ko allura sau ɗaya a wata, da acamprosate, tunda hantarka ta fara magana shi zai zaɓa maka wanda ya dace. Mitin baya hana shan magani, magani baya hana zuwa mitin, haɗawa ake yi. In baka san inda zaka fara ba ka kira 1-800-662-4357, layin gwamnatin tarayya ne kyauta dare da rana, zasu haɗa ka da wuri kusa da kai. In kuma jijjiga ko ruɗewa ta fara to ka kira 911, lambar neman agajin gaggawa, kai tsaye, ɗakin gaggawa bashi da ikon korar ka don baka da inshora ko takardu.

Sai magana ɗaya mai ɗaci, kayi haƙuri. Ka daina taɓa sitiyari in ka sha, ko kurɓa ɗaya ce. Kana tsoron mitin zai ja maka asarar lasin, alhali abinda zai ja maka ita shi ne wancan, kuma lasin ma ƙaramin abu ne akan ran fasinja ko na 'yarka da kake kaiwa makaranta. Ka ɗauki hutun sati ɗaya ko bashi ne ka ci.

Mai Faɗin Gaskiya:

Subhanallah. Yanzu musulmi zai je coci ya zauna cikin waɗanda ba musulmi ba yana tona asirin kansa wai neman magani? Allah ya rufa maka asiri kai kuma kaje ka yaye? Malam ka ji tsoron Allah ka tuba kawai, ka riƙe sallah da azkar ka bar abokan banza. Wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana 40, wannan kaɗai ya isa mai hankali ya daina. Sahabbai da aya ta sauka zubar da ita suka yi a titi ba mitin suka je ba.

Almajiri Mai Neman Sani:

Malam Mai Faɗin Gaskiya Allah ya saka da kishin addini, amma a ganina ka ɗora wa bawan Allah nan dutse akan kayan da ya riga ya danne shi. Bai ce halal bane, mutumin da yayi kuka a gefen titi ai ya san haramun ne, tambaya yake ta ina zai fita.

Sahabban da ka kawo, ka manta ba rana ɗaya aka hana su ba. Aya ta 219 a Baƙara ta fara cewa zunubinta yafi amfaninta, sannan ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar sallah cikin maye, sai daga baya ta 90 a Ma'ida ta yanke. Nana A'isha ma ta faɗa, yana cikin Bukhari, cewa da farkon abinda ya sauka shi ne kar ku sha giya da sun ce ba zasu taɓa barinta ba. Hukunci ya riga ya tabbata yanzu babu mai ja, amma wannan na nuna mana Wanda ya halicci ɗan Adam ya san yadda abin ke kama jiki. Kuma bayan haramcin ma akwai sahabin da ake ta kawowa gaban Annabi SAW saboda sha, har wani ya tsine masa yace sau nawa ake kawo shi, Annabi SAW ya hana, yace kar ku la'ance shi, yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar yace kar ku taimaki shaiɗan akan ɗan uwanku.

Maganar kwana 40 kuma a yi hattara da ita, don na san mutane da dama da suka ji ta suka ce toh tunda ba karɓa za a yi ba bari in ajiye sallar gaba ɗaya, suka ƙara nutsewa. Malamai sun bayyana cewa ladan ne ake hana shi, sallar na nan wajibi a kansa, kuma hadisin da kansa yace in ya tuba Allah na karɓar tubarsa. Ɗan uwa Baƙon Bronx duk halin da kake ciki kar ka saki sallah, in ka wartsake kayi alwala kayi.

Tona asiri da aka hana shi ne mutum ya kwana Allah ya rufe shi ya wayi gari yana bada labari don alfahari ko rashin damuwa. Wanda ya faɗa wa likita ciwonsa ko yaje inda za a taimake shi ya bari ba shi ake nufi ba. Zama a ɗakin haya a ƙarƙashin coci kuma ba bauta bace matuƙar baka shiga addu'arsu ba. In zuciyarka bata natsu ba akwai Millati Islami, musulmin Amurka ne suka kafa ta a Baltimore a 1989, sun ɗauki tsarin matakan nan suka gina shi akan Alƙur'ani da sunna, sai dai basu da yawa kamar AA saboda haka zai fi sauƙi ka same su ta intanet. Akwai kuma SMART Recovery da aka fara a 1994, su babu maganar addini sam, dabarun sarrafa tunani da sha'awa suke koyarwa. Abinda ke ci min rai shi ne masallatanmu nawa ne a garuruwan nan, wanne ne ya ware ɗaki ɗaya awa ɗaya a sati don irin waɗannan 'yan uwa? Mun bar wa coci sannan muna jin haushin sun je can.

Maman Biyu:

Yaya ni ta ɓangaren matarka zan yi magana. Kace kana tauna kanumfari kafin ka shiga gida, wallahi ta sani. Mu muke wanke kaya, mu muke kwana kusa da ku, warin ta fata yake fita ba ta baki kaɗai ba. Ni shekara huɗu ina yi wa maigidana kamar ban sani ba saboda kunya da tsoron in na faɗa a gida a ce in haƙura ko a ce in fito, babu na ukun. Kullum ina lissafin kwalabe ina jiran ƙarar makulli in gane a wane hali ya dawo, har hawan jini ya kama ni ina da shekara talatin da ɗaya. Ranar da ya zaunar da ni ya faɗa da bakinsa nayi kuka sosai amma daren ne na fara bacci mai nauyi.

Akwai mitin na iyalan masu sha, sunansa Al-Anon, matar shi wancan Bill ɗin da Baba Direba ya ambata na cikin waɗanda suka kafa shi a 1951. Ni ta Zoom nake shiga in yara sun tafi makaranta, kamara a kashe. Can na koyi daina bin sa da bincike da daina rufa masa ƙarya a wajen aiki. Bance ka faɗa mata yau ba, kai ka san matarka, amma in zaka kwanta asibiti kamar yadda Anti tace ai dole ta san dalili, gara taji daga bakinka. Maigidana yanzu wata 14 kenan da ya fara dainawa, ya taɓa zamewa sau ɗaya a wata na biyar, washegari ya koma mitin ya sake ƙirga daga ɗaya.

Na Kaduna:

Ina bin zancen nan shiru tun jiya. Mu da muke gida fa? Yayana ne, burkutu da ƙananan ledojin nan na kantin unguwa sun gama da shi, an kai shi wajen masu ruƙiyya an kai shi wani gidan mari ya dawo da tabon sarƙa a ƙafa ya koma sha.

Anti Nas:

Na Kaduna dan Allah kar a sake kai shi inda ake ɗaure mutum. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa nan cikin garinku, suna duba masu matsalar shaye-shaye, kuma kar sunan asibitin ya tsorata ku ba sai mahaukaci ke zuwa ba. Abinda na faɗa a sama kan yankewa lokaci ɗaya ya shafe shi shi ma. Ku tambayi ma'aikatan ko suna da zaman rukuni na waɗanda aka sallama. In yana jin Turanci kuma akwai data, tun lokacin korona a 2020 mitin ɗin AA ta Zoom suka yawaita, kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya, zai iya shiga da sunan da ya ga dama.

Baƙon Bronx:

Salam. Kuyi haƙuri da shiruna, kusan sati biyu kenan. Na koma wajen likita na faɗa masa adadin gaskiya, da yaji sai ya ajiye biro ya kalle ni yace gara a kwantar da ni, kwana huɗu nayi. Anti Allah ya biya ki, dare na biyu na gane me kike nufi, da a ɗaki nake ni kaɗai ban san yadda zata kaya ba. Maman Biyu gaskiyarki, da na fara yi wa uwargida bayani tace tun kafin mu cika wata uku da tarewa a nan ta sani, har inda nake ɓoyewa a mota ta sani. Har yanzu bata cika yi min magana ba amma ita ta kawo min abinci asibiti kullum.

Na shiga mitin. Ba wancan na cocin ba, wani na samu a manhajar ƙarfe 7 na safe a Manhattan, hawa na biyu a saman wani shago. Na zauna kujerar ƙarshe kusa da ƙofa hulata a ja har gira. Ashe a nan New York sabbi ƙirga kwanakin da suka yi basu sha ba suke yi a fili har su kai 90, wani yace kwana 41 aka tafa, wata tace kwana 3 aka tafa mata fiye da kowa. Ban yi niyyar magana ba wallahi sai naji hannuna a sama, nace kwana 6, muryata na rawa. Wani ma'aikacin gini ya bada labarin yadda yake ɓoye kwalba a cikin takalmin aikinsa, ban taɓa ganinsa ba launinmu ba ɗaya ba amma kamar ya leƙa cikin motata. Da aka zo rufewa na ja baya kamar yadda Baba yace, ba wanda ya kula. Yau kwana 11, naje sau biyar, ban koma tuƙin dare ba tukuna kuma kuɗin haya na damuna sosai, jiya da la'asar na wuce ta gaban shagon da na saba sai da na tsallaka titi ƙafata na rawa.

Baba Direba tambaya ɗaya. Mutumin nan mai aikin gini ya rubuta min lambarsa a bayan wata 'yar takarda yace in kira shi kafin in sha ba bayan na sha ba, ko ƙarfe nawa ne. Da gaske yake ko irin maganar fatar baki ce? Don ni lokacin da abin ke taso min wajen ƙarfe 3 na dare ne, ina jin nauyin in tashi bawan Allah daga bacci.

Tsohon Direba:

Alhamdulillah ƙanina, kwana 11. Da gaske yake, shi ma wani ya tasa da ƙarfe ukun dare a lokacinsa, ni nawa wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne kuma na tashe shi yafi a ƙirga. Kar ka jira sai daren da abin ya taso, ka kira shi yau da rana ku gaisa ko minti biyu ne don hannunka ya saba da lambar, ka kuma karɓi lambar mutum biyu ko uku a mitin ɗin gobe saboda ranar da wayarsa zata kasance a kashe. Na tura maka tawa ta saƙon sirri, ni ma ƙarfe ukun ina farke yawanci, tsohon direba baya bacci da wuri.